Canon EOS R7 da lensin RF 100-400mm: abin da suke iyawa da abin da ya gagare su wajen ɗaukar agwagin daji

Agwagwar daji tana da saurin tona asirin kayan ɗaukar hoto. A jiki ɗaya ta haɗa fari fat da baƙi wuluk, tana zaune kan ruwa mai ƙyalli da ke ruɗa kamara, kuma in ta ga dama sai ta tashi sama cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ta dace a auna wannan haɗi da ita, wato kamarar Canon EOS R7, wadda ta fito a 2022, da lensin RF 100-400mm f/5.6-8 IS USM, wanda ya riga ta fitowa da shekara ɗaya. Hukuncin a taƙaice shi ne: da rana tsaka ko hantsi, kuma tsuntsu bai wuce mita 25 ba, haɗin yana ba da hoton da ba za a kushe shi ba. Da asuba ko ranar da hadari ya rufe sama kuwa, ƙarancin hasken da lensin ke sha yana fitowa fili, kuma babu dabarar da ke ɓoye shi gaba ɗaya.

Kamarar da batir da kati nauyinta giram 612 ne, lensin kuma giram 635. Duka biyun ba su kai kilo ɗaya da giram 300 ba. Wanda bai taɓa riƙe lensi mai kilo biyu na tsawon awa uku ba zai ɗauka wannan ƙaramin zance ne, amma a aikin agwagi shi ne rabin ciniki. Hoton agwagwa mai kyau daga ƙasa ake ɗaukarsa, idon kamara daidai da idon tsuntsu, mutum na kwance rub-da-ciki a bakin ruwa ko ya tsuguna ya sauke kamarar har kusa da laka. Kayan da hannu ɗaya zai iya saukewa da ɗagawa su ne ke sa mutum ya jure wannan kwanciya har tsuntsun ya saki jiki.

Nisa, da lissafin da ya kamata a yi kafin saye

Sensar R7, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kamara ya mai da shi hoto, ƙarama ce, irin wadda ake kira APS-C, faɗinta milimita 22.3, tsawonta 14.8, ɗauke da megafiksel 32.5. Saboda ƙanƙantarta, abin da lensin 400mm ke nunawa a kanta daidai yake da abin da 640mm zai nuna a kan cikakkiyar sensa, wato babbar da ake kira full-frame. Masu talla suna son wannan adadi, amma abin da zai amfani mai saye shi ne ya san yadda agwagwa za ta cika hoto. A 400mm, in tsuntsu na mita 10 daga gare ka, faɗin abin da kamara ke gani santimita 56 ne kacal. A mita 20 ya zama mita 1.1, a mita 40 kuma mita 2.2. Agwagwar nan mai koren kai da ake kira malad, wadda ta fi kowace yaɗuwa a arewacin duniya, tsawonta tsakanin santimita 50 zuwa 65 ne in ta miƙe. Ke nan a mita 10 ta cika hoto har ta nemi fita, a mita 20 ta ci rabinsa, a mita 40 kuma rubu'i kawai. Faɗin hoton R7 ɗigo 6960 ne, don haka ko a mita 40 tsuntsun zai samu ɗigo kusan 1700 bayan an yanke gefe. Wannan ya isa kallo a waya ko kwamfuta. Bai isa a buga babba a rataye ba, domin zanen gashin ƙirji ya fara narkewa.

Agwagin da suka saba da mutane a tafkunan cikin gari kan zo har mita biyar, a nan zum ɗin ke da rana, sai a janye shi zuwa 200mm ko 250mm kada a yanke fiffike. Na daji na gaske, musamman inda ake farautarsu, ba sa yarda a matso su ko mita 60. A irin wannan wuri babu lensin 400mm da zai cece ka, sai ɓuya da jira.

Inda fokas ke burgewa, da inda yake ɓata

R7 tana gane tsuntsu da kanta. In aka shiga tsarin fokas aka zaɓi Servo, wanda ke ci gaba da bin abu mai motsi, aka ce ta nemi dabbobi, aka kunna neman ido, sai ka ga ɗan akwati ya ɗafe idon agwagwa yana binta duk inda ta juya. A kan malad mace, mai ruwan ƙasa da zane-zane, abin yana tafiya sumul. Toron malad ya fi wuya kaɗan: idonsa baƙi ne a cikin kai mai duhun kore, in rana ba ta haska gefen fuskarsa ba kamarar kan rasa idon ta koma kan farin zoben wuyansa ko bakinsa rawaya. A mita 20 wannan ba komai ba ne, domin a f/8, wato iyakar buɗewar ƙofar hasken lensin a 400mm, zurfin abin da ke fita tar ya kai santimita 70 da ɗoriya. A mita 10 kuwa zurfin bai wuce santimita 19 ba, kuma in toron ya fuskanto ka, fokas ya sauka kan ƙirji, idon zai ɗan yi laushi. Wannan lissafin ne kuma ke sa agwagi biyu, ɗaya a bayan ɗaya, ba sa fita tar tare a kusa. Ko dai a jira su jeru kafaɗa da kafaɗa, ko a haƙura da ɗaya.

Abubuwa uku ne ke ɓatar da fokas ɗin a bakin ruwa. Na farko ciyawa: kacalla ko wani kara da ya gitta tsakaninka da tsuntsu, sai kamara ta kama shi ta ƙi saki. Na biyu ƙyallin igiyar ruwa a gaban agwagwa, musamman in kana kwance ƙasa, domin ruwan gaba ya cika rabin hoton. Na uku, wanda ya fi ban haushi, inuwar tsuntsun a cikin ruwa mai kwanciya: kamara ta ga ido biyu, na gaske da na cikin ruwa, wani sa'in ta zaɓi na ƙasa.

Maganin duka ukun ɗaya ne, a raba aikin fokas ga maɓalli biyu a bayan kamara. Maɓallin AF-ON a bar masa bin tsuntsu da neman ido a duk faɗin hoto. Maɓallin da ke da alamar tauraro a ba shi ɗigo guda ƙarami a tsakiya, ba tare da bin komai ba. In ciyawa ta sace fokas, sai babban yatsa ya koma kan tauraro, a ɗora ɗigon a kan tsuntsun, da zarar ya fito a koma AF-ON. Haka kuma a cikin saitin Servo akwai ma'aunin da ke nuna saurin da kamara za ta bar abin da take bi ta koma wani. A ja shi zuwa -1 ko -2, yadda kara ɗaya da ya gitta ba zai ɗauke mata hankali ba.

A nan lensin yana da giɓi guda da ake ji a jika. Manyan lensunan tsuntsaye suna da makunnin da ke hana fokas dawowa kusa, a ce masa kada ya nemi komai ƙasa da mita kaza. Wannan ba shi da shi. Makunni biyu ne kawai a jikinsa na aiki, na fokas da na hana rawar hannu, sai ɗan makullin da ke riƙe zum a 100mm. Kuma lensi ne mai iya ganin abu a kusa ƙwarai, ƙasa da mita ɗaya a tsakiyar zum. Wannan alheri ne ga mai ɗaukar mazari ko furen bado, amma in fokas ya kuɓuce daga tsuntsu mai tashi a sararin sama, lensin kan yi tafiya har can kusa ya dawo, kuma kafin ya dawo agwagwa ta yi nisa. Abin yi shi ne kafin a ɗaga kamara sama a fara saita fokas a kan wata bishiya ko gaɓa mai nisa daidai da inda ake sa ran tsuntsun zai bi. Motar fokas ɗin kanta, Nano USM, tana da sauri kuma ba ta da ƙara, ba ita ce matsalar ba.

Shota: kada adadin 30 ya ruɗe ka

A kwali an rubuta hoto 30 a daƙiƙa ɗaya. Gaskiya ne, amma da shotar lantarki, wadda sensa ke ɗaukar hoto da ita ba tare da wani labule ya buɗe ya rufe ba, kuma a nan babban aibin R7 yake ga mai ɗaukar tsuntsaye. Sensar ba ta karanta hoto gaba ɗaya lokaci guda. Layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa, kuma kafin ta gama kusan kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa ya wuce. Agwagwa mai kaɗa fiffike sau da yawa a daƙiƙa ta riga ta motsa shi sosai a wannan ɗan taƙin. Sakamakon shi ne bakin fiffike ya lanƙwashe kamar lauje, ko ya rabu biyu, ko ya yi tsawon da Allah bai ba shi ba. In kuma kana juya kamara kana bin tsuntsu, karan ciyawa da bishiyoyin da ke bayansa duk sai su kishingiɗa gefe guda. Ƙara saurin shota zuwa 1/4000 na daƙiƙa ba ya gyara wannan, domin matsalar ba daga tsawon buɗewa take ba, daga jinkirin karatun sensar take.

Don haka ga tsuntsu mai tashi ko mai kaɗa fiffike, a yi amfani da shotar ƙarfe ko wadda labulenta na farko na lantarki ne, na biyu na ƙarfe. Dukansu suna ba da hoto 15 a daƙiƙa, kuma 15 ya wadatar. Ta biyun ta fi dacewa da wannan lensi mara nauyi, domin bugun labulen farko na ƙarfe kan ɗan girgiza kaya marasa nauyi, abin da ake gani a saurin shota na tsaka-tsaki kamar 1/125 zuwa 1/500. Kuɗin da ake biya shi ne ƙara. Shotar R7 tana da kaifin sauti, kuma agwagwa mai tsoro a mita 10 za ta ɗaga kai ta fara iyo tana nisa. Shotar lantarki ba ta da sauti ko kaɗan, saboda haka ita ce ta zama da tsuntsu mai barci, mai gyaran gashi, ko uwa da 'ya'yanta. Yana da kyau a ajiye saiti biyu a kan C1 da C2 na dayal ɗin sama, ɗaya na zaune, ɗaya na tashi, a riƙa juyawa ba tare da shiga jerin saituna ba.

Ma'ajiyar wucin-gadi ta kamarar ma ba ta da zurfi. Da cikakken RAW, wato ɗanyen fayil mai ɗauke da duk bayanan hoto, a hoto 30, ba ta kai daƙiƙa biyu take cikewa. A hoto 15 takan kai uku da ɗan wani abu. Saukar agwagwa, daga lokacin da ta kife fukafukai har ta ja ruwa da ƙafa ta tsaya, takan ci wannan lokacin duka. Wanda ya danne maɓalli tun tsuntsun na nesa zai ga kamara ta fara tsayawa daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ruwa. C-RAW, wato RAW da aka matse, yana rage girman fayil sosai ba tare da asarar da ido zai gani ba, kuma yana tsawaita ɗaukar. A haɗa shi da kati mai sauri na UHS-II, wanda aka yi wa alamar V60 ko V90; ramukan kati biyu na kamarar duk suna karɓarsa.

Akwai wani tsari da ke ajiye hotunan rabin daƙiƙa kafin a danna maɓalli har ƙasa. A ka'ida shi ne maganin tashin malad, domin irin agwagin da ke kifa kai cikin ruwa su bar bindi a sama ba sa gudu kafin su tashi, zabura suke yi tsaye daga ruwa, kuma hannun mutum ba ya riga su. A aikace tsarin yana da wahala biyu: da shotar lantarki yake aiki, don haka lanƙwasar fiffike na nan, sannan duk hotunan yana dunƙule su a fayil guda, sai an bi an ciro su ɗaya-ɗaya a cikin kamara ko da manhajar Digital Photo Professional ta Canon. Sanin halin tsuntsu ya fi shi amfani. Agwagwar da ke shirin tashi takan miƙe wuya, ta daina cin abinci, ta riƙa kaɗa kai ko ɗaga haɓa, sannan ta juya ta fuskanci iska. Wadda ta gama wanka, tana tsoma kai tana watsa ruwa a baya, kusan kullum sai ta miƙe tsaye kan ruwa ta kaɗa fukafukai. Da ka ga wankan, janye zum kaɗan ka jira. Masu nutso kuwa, waɗanda ƙafafunsu ke can baya, sai sun yi gudu a kan ruwa kafin su ɗaga, don haka sun fi sauƙin bi.

Batun f/8

Lambar f/5.6 da ke jikin lensin ta 100mm ce. Tun kafin zum ya kai 300mm ƙofar haske ta riga ta tsuke zuwa f/8, kuma a nan mai ɗaukar tsuntsu zai zauna kusan kullum. Ga abin da hakan ke nufi da lambobi. Tsuntsu mai tashi yana son 1/2000, ko aƙalla 1/1600. A rana tarwai, f/8 da 1/1600 suna buƙatar ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin yadda kamara ke ƙarfafa hasken da ta samu), hoto ya fita tsaf. In hadari mai kauri ya rufe rana, haske ya ragu da mataki uku (kowane mataki yana rage shi da rabi), ISO ya hau 3200. A mintunan farko bayan fitowar rana, ko dab da faɗuwarta, ana iya kaiwa 6400 ko 12800. Sensar da aka cusa wa megafiksel 32.5 a wannan ɗan fili ɗigoginta ƙanana ne, kowanne bai wuce mikiron 3.2 ba, kuma daga ISO 3200 ɓurɓushi ya fara bayyana a wurare masu duhu, kamar kan toro da ƙarƙashin fiffike. Har 6400 manhajojin goge ɓurɓushi na zamani suna iya ceto hoton, muddin tsuntsun ya cika hoto kuma ba a rage masa haske ba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne a haɗa uku: ISO mai yawa, haske bai isa ba, sannan a yanke hoton sosai. Nan gashi kan koma kamar an shafa shi da yatsa.

Abin takaicin shi ne lokacin da agwagi suka fi motsi, sassafe da yamma liƙis, shi ne lokacin da lensin ya fi rauni. Ga tsuntsu mai zaune akwai mafita. Na'urar hana rawar hannu ta lensin, wadda kamfanin ya ce tana kai mataki 5.5, tana aiki tare da ta cikin kamara, don haka ana iya sauka zuwa 1/250 ko ƙasa da hannu kawai. Sai dai ita rawar hannunka take tsayarwa, ba motsin agwagwa ba. Mai iyo a hankali tana son 1/500, mai gyaran gashi 1/1000, mai barci da baki a cikin fiffike kuwa ko 1/100 ya ishe ta in ruwa ya kwanta.

Kada a tsuke ƙofar zuwa f/11 da sunan neman ƙarin kaifi. Da ɗigogi ƙanana haka, tun a f/8 bazuwar haske a bakin ƙofar ta fara taɓa kaifin hoto, a f/11 kuma abin ƙaruwa yake. Lensin a buɗe yake ba da mafi kyawun abin da yake da shi, kuma tsakiyar hoton a 400mm tana da kaifin da ya wuce abin da ake zato ga lensi mai jikin roba. Wannan dalilin ne ya sa gilashin ƙari, wanda ake sawa tsakanin kamara da lensi don ƙara kusanto da abu, bai cika biyan bukata a nan ba. Lensin yana karɓar RF 1.4x da RF 2x a duk tsawon zum ɗinsa, abin da babban yayansa RF 100-500mm ba ya yi sai daga 300mm. Amma 1.4x yana mayar da shi 560mm a f/11, 2x kuma 800mm a f/16. Na farkon yana da ɗan amfani a rana tsaka ga tsuntsu mai zaune. Na biyun, a kan R7, ba ya ƙara wani zanen gashi da yanke hoto ba zai bayar ba. Gilashin rage ƙyallin ruwa ma haka: yana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, kuma f/8 ba shi da rarar da zai bayar.

Fari da kore

Kamara tana auna haske ne da abin da ya fi yawa a hoto, kuma a nan ruwa ne. In ruwan ya yi duhu saboda inuwar bishiyoyi, sai ta ƙara haske, farin zoben wuyan malad ko farar fuskar agwagwar kirinjijiya su ƙone, babu sauran zane a cikinsu. In ruwan ya ɗauki hasken farin sama, sai ta rage, tsuntsu ya zama baƙin dunƙule. Tsuntsu ɗaya mai iyo yana iya ratsa duka biyun cikin daƙiƙa goma, alhali hasken da ke kansa bai canja ba. Shi ya sa in rana ta tsaya cak, saita komai da hannu a kan M na dayal ɗin sama ya fi: a ɗauki hoton gwaji na wani farin abu da rana ke duka, a duba ko yana ƙyaftawa a allon baya, a rage har ƙyaftawar ta tsaya, a bar shi haka. In gajimare na wucewa, a bar ISO ta zaɓi kanta, a rage mataki ɗaya bisa uku zuwa ɗaya cikakke a kan ruwa mai duhu, a ƙara kamar haka a kan ruwa mai haske. R7 ba ta nuna alamar ƙonewar fari a tagar leƙe yayin ɗaukar hoto, sai bayan an ɗauka, don haka a kunna jadawalin haske a cikin tagar a riƙa lura da gefensa na dama. Zoben da ke bakin lensin ana iya ba shi aikin ƙara haske da rage shi, kuma nan ya fi dacewa da shi.

Koren kan toro ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke karya haske, shi ya sa yake sauya launi. In rana na bayanka tana dukansa, kore ne shar mai sheƙi. Ya ɗan juya, ya koma shuɗi ko shunayya. Rana ta koma bayansa, kan ya zama baƙi. Haka shuɗin tabon da ke fiffikensa. Babu saitin kamara da ke kawo wannan launi in kusurwar ba ta yi ba, sai dai a zaɓi gefen tafkin da inuwarka ke nuna tsuntsun. In aka yi sa'a iska ma daga bayanka take busowa, an gama, domin agwagi iska suke fuskanta in za su tashi ko za su sauka, ke nan fuskarsu na wajenka cikin haske. Akwai kuma lokacin da toron ba shi da koren ko kaɗan: bayan lokacin ƙyanƙyasa yakan zubar da gashi ya yi kama da mace, har ya yi makonni uku zuwa huɗu bai iya tashi. Bakinsa rawaya ne ke tona shi. A wannan lokaci, da lokacin da mace ke kwanci, nisa ya wajaba. Tsuntsun da ba ya iya tashi in aka kore shi wahala kawai aka ba shi.

A hannu, a laka

Allon bayan kamarar yana buɗewa gefe ya juya sama, kuma wannan ya fi komai amfani wajen sauka ƙasa: a ɗora kamara santimita goma ko ashirin sama da ruwa, a leƙa allon daga sama. Bambancin hoton da aka ɗauka a tsaye da wanda aka ɗauka a nan ba kaɗan ba ne. A tsaye, abin da ke bayan agwagwa shi ne ruwan da ke dab da ita, da duk tarkacen da ke yawo a kai, kuma f/8 ba ya iya narkar da shi. A ƙasa, bayanta ya zama gaɓar can tsallake mai nisan mita 50 ko 100, wadda ke narkewa ta zama launi ɗaya lumui. Da wannan dabara lensin f/8 kan ba da hoton da za a rantse da f/4 aka ɗauka.

Lensin ba shi da abin wuya na ɗaurawa a kan mai ƙafa uku, kuma ba ya bukata; ramin ƙasan kamara ya isa ɗaukar giram 635. Don aikin ƙasa, jaka ƙarama cike da yashi ko tsakuwar roba ta wadatar. Wasu kan huda tsohon kaskon suya a tsakiya, su zura ƙusa mai zare ta inci 3/8, su ɗaura kan mai ƙafa uku a kai. Kaskon yana zamewa a kan laka in aka tura shi gaba, gefensa kuma yana tare ruwa.

Dayal ɗin baya na R7 an kewaye shi ne a jikin ɗan sandan motsa fokas, can sama kusa da tagar leƙe. Mai babban yatsa ko mai safar hannu zai riƙa taɓa ɗaya yana nufin ɗaya har sai hannu ya saba. Tagar leƙen mai ɗigo miliyan 2.36 ce, tana aiki, amma ba ta da kyan da zai nuna maka ko ido ya fita tar sai ka zuƙo hoton. Batirin LP-E6NH kan kai safiya guda ta ɗauka a jere. Abin da ke cinye shi shi ne zaman jira da ido a taga, don haka na biyu a aljihu ba almubazzaranci ba ne. Canon ba ta yi wa wannan kamara mariƙin ƙarin batir ba.

Wanda ya san tun farko cewa tsuntsu mai tashi da sassafe yake nema, gara ya duba sama da wannan. A gidan Canon, RF 100-500mm f/4.5-7.1 L ya fi kaifi da saurin kamawa, yana da kariyar ruwa da makunnin taƙaita fokas, amma ribarsa ta haske kashi ɗaya bisa uku na mataki ce kawai, nauyinsa kuma ya ninka. RF 200-800mm f/6.3-9 yana magance nisa, ba ya magance duhu, kuma ya haura kilo biyu. Sony FE 200-600mm da Nikon Z 180-600mm duk suna tsayawa a f/6.3 a ƙarshen zum, wato kashi biyu bisa uku na mataki sama da f/8 tare da ƙarin 200mm, sai dai kowannensu kusan kilo biyu ne kuma sai da kamarar gidansu. Lanƙwasar fiffike kuwa lensi ba ya gyara ta, sai kamara mai sensar da ke karatu da sauri.

Jikin R7 yana da kariya daga ƙura da yayyafi, lensin ba shi da ita ko kaɗan, kuma hancinsa fitowa yake in an zuƙo, ya koma in an janye. Duk ɗigon ruwa ko yashin da ya sauka a kan wannan hanci, in aka janye zum ba a goge ba, ciki zai shige. A riƙa ajiye ƙyalle a aljihu ana gogewa kafin a mayar da shi 100mm, in ana yayyafi kuma a sa masa rigar leda da roba a baki. Hular lensin, ET-74B, ba ta zuwa a cikin kwali, daban ake sayenta, kuma a bakin ruwa ba a yi sai da ita: tana tare hasken da ke tasowa daga ruwa ya dusashe hoto, tana kuma tare fantsamar agwagwar da ta yi wanka a kusa. In an dawo daga wuri mai sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, a bar kayan cikin jakarsu a rufe kamar awa ɗaya kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashin ciki, inda ƙyalle ba ya kaiwa, kuma daga nan ne fumfuna ke farawa.